Jinin Dasashi: Hukuncin Alwala Da Azumi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Duk sanda na yi asuwaki sai in ga yawuna ya yi ja, har na daina goge baki don gudun warwarewar alwala. Yaya matsayin alwalata da azumina?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, alwalarka tana nan daram. A mazhabar Imam Malik, haka ma wajen Imam Shafi'i, jinin da ya fita ta wata kafa ban da gaba da dubura ba ya warware alwala. Hanafiyya ne suke ganin yana warwarewa idan ya rinjayi yawu ko ya yi daidai da shi. Ka tofar, ka kurkure, ka ta da sallarka.

Da azumi ma tofarwa za ka yi. In ka haɗiye da gangan alhali kana da ikon tofarwa, azumin ya ɓaci. Wanda jinin ya zame masa lalura kullum kuwa, malamai da dama sun yi masa rangwame kan ɗan abin da ya zarce ba da sonsa ba, domin Allah bai sanya ƙunci cikin addini ba (Suratul Hajji, aya ta 78).

Barin asuwakin nan shi ya fi damuna. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya ce ba don kada ya tsananta wa al'ummarsa ba, da ya umarce su da asuwaki a kowace salla. Su kuma likitocin haƙori sun bayyana cewa dattin da ke taruwa a gindin haƙora shi ke kumbura dasashi har ya yi jini. In an bar shi sai ya daskare kamar dutse, ya ci ƙashin da ke riƙe da haƙoran, su fara girgiɗi. Ka ga ke nan daina gogewar ƙara wa wuta fetur ne. Na san wani dattijo alaramma da haƙoransa na gaba suka zube ta haka, yau harafin sinun ma da ƙyar yake fita a karatunsa.

Ka je asibitin haƙori a yi maka wankin haƙori, don abin da ya daskare buroshi ba ya cire shi. A gwada maka suga, domin ciwon suga yana tsananta wannan cuta, haka ma shan taba. Ka koma gogewa safe da dare da buroshi mai laushi, a hankali, ba kamar mai kankare tukunya ba.

Busasshen asuwaki halal ne ga mai azumi duk tsawon yini a wajen Malikiyya, ɗanye ne suka karhanta. Man goge baki kuwa ka bar shi sai dare da lokacin sahur.

Wallahu a'alam.