Amsa: Malaman makarantu masu zaman kansu da mafi ƙarancin albashi

Malama, kin tambaya ko ku ma kuna da haƙƙin mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa hannu a kan dokarsa a 2024. Ki fara ƙirga ma'aikatanku: dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikata ba su kai 25 ba, kuma ƙananan makarantu na iya fakewa a nan. Amma haɗa kai, sashe na 40 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba ku wannan dama. Kada ki tunkari mai makaranta ke kaɗai, sallamar mutum ɗaya ba wuya. Ku tara takardun ɗaukar aiki da saƙonnin banki na albashi, ku rubuta koke ɗaya kowa ya sa hannu. In ya yi kunnen uwar shegu, ku nemi shawarar ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa, NLC, reshen jiha.