Nanomita Nawa ne a Tef ɗin Tela?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni tela ne a Garwa. Na je sayen waya, mai shago ya ajiye min guda biyu, ya ce ɗaya 6 nm ce, ɗaya 12 nm, wai mai 6 ɗin ta fi kyau, kuɗinta ma ya fi. Ni da mita da santimita nake cin abinci, a sanina 12 ya fi 6. Ko wayo yake so ya yi min?

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Ɗauko tef ɗinka tukuna. Mita 1 santimita 100 ce, kowace santimita kuma ka ga ƙananan zane 10 a cikinta, su ne milimita. Nan tef ya tsaya, amma awo bai tsaya ba. Ka raba milimita 1 gida 1,000, ka sami maikuromita. Ka sake raba maikuromita gida 1,000, ka sami nanomita, ita ce nm. Ke nan milimita 1 nanomita miliyan 1 ce, mita 1 kuwa biliyan 1. Daga mita zuwa milimita, maikuromita da nanomita, duk matakin da ka sauka ka ninka da 1,000, in hawa za ka yi ka raba.

Ka riƙe takardar da kake rubuta awon masu ɗinki, ka dubi gefenta. Kaurinta wajen maikuromita 100 ne, wato nanomita dubu 100. Silin gashin kai ma kusan haka yake.

A ƙwaƙwalwar waya akwai ƙananan makunnai da ake kira tiransisto, kuma lambar nm da mai shago ya faɗa maka ta ƙirarsu ce. Gwargwadon ƙanƙantarsu, gwargwadon yawan da za a cusa, su kuma rage shan caji da ɗaukar zafi, abin da duk wanda ya san ranar Garwa a watan Afrilu ba zai raina ba. A 1971 ƙwaƙwalwar Intel 4004 an ƙera ta da awon maikuromita 10, tiransisto 2,300 kacal. A 2020 Apple A14, mai 5 nm, ta zo da biliyan 11.8. Don haka mai shago bai yi maka ƙarya ba, ƙaramar lamba ita ce sabuwar ƙira.

Sai dai ina so ka riƙe wannan da kyau: lambar yanzu ta zama sunan zubi, ba awon da aka ɗora wa ma'auni ba. A ƙwaƙwalwa mai 5 nm, tazarar tiransisto da maƙwabcinsa ta kai wajen nanomita 50. Kada ka ƙara sefa ko ɗaya saboda nm kaɗai. Tambayi sunan ƙwaƙwalwar: Helio G99 mai 6 nm ta fi Helio G85 mai 12 nm sauri. Sannan ka duba RAM, wato ma'ajiyar wucin gadi da waya ke aiki da ita, da girman batir.

Tambaya: Malam, daga Injamena nake. A kwalin gilashin kare fuskar waya an rubuta 0,33 mm. Milimita 33 ke nan?

Amsa: A'a, 'yar'uwa. Milimita 33 ai santimita 3.3 ce, ta fi kaurin wayoyi uku a haɗe. A rubutun Faransanci waƙafi ke tsayawa a gurbin ɗigo, don haka sulusin milimita ake nufi: maikuromita 330, kamar takarda uku ɗaya kan ɗaya.