Nisan majigi daga allo

Malam, ka tambayi nisan da za ka ajiye majigi daga allo mai inci 100. Amsar tana cikin takardar majigin: nemi wata lamba mai kama da 1.5:1, ka ninka ta da faɗin allon. A nan mutane ke kuskure, domin inci 100 awon kusurwa zuwa kusurwa ne. Faɗin irin wannan allo, in 16:9 ne (wato faɗi kashi 16, tsayi kashi 9), wajen mita 2.2 ne. Ke nan 1.5 sau 2.2, mita 3.3, kuma daga idon majigin ake awo, ba daga bayansa ba. In lambobi biyu ka gani, kamar 1.3 zuwa 1.6, majigin yana da zum, wato ana iya ƙara ko rage girman hoton ba tare da an matsar da shi ba, don haka ko'ina tsakanin mita 2.9 da 3.5 ya yi.

Idon ya saitu da tsakiyar faɗin allon. Ya karkata kaɗan, hoton ya fito gefe guda ya fi faɗi. Kiston, wato saitin majigin mai miƙe hoton da ya karkace, yana gyarawa, amma yana cin kyan hoto, gara ka matsar da na'urar.

Kada ka huda silin don rataye majigin sai ka gwada shi a kan tebur. Ka kuma bar masa sarari ta wajen fanka, in ba haka ba zafi ya riƙa kashe shi.