Ga ƙanenmu da metro ya hana fita a Mosko

Wa'alaikumus salam ƙanena. Na ga abin da ka rubuto, cewa tun da ka sauka Mosko daga aji sai ɗaki, jirgin ƙarƙashin ƙasa, wato metro, na ba ka tsoro, rubutunsu ba ya karantuwa, kana neman dabarar da za ka daina ɓacewa. Wallahi ciwon da ke cin ka na sha shi. Masu ce maka "ai za ka saba" gaskiyarsu ce, amma ba su taɓa tsayuwa can ƙarƙashin ƙasa cikin dubban mutane babu mai jin yarensu ba.

Ni ɗan jiharmu ne ya jefa ni cikin wannan hali, wanda ya riga ni zuwa. Ba zan kama suna ba. Mahaifiyarsa da ƙafarta ta tako gidanmu a Birnin Kebbi, ta ba ni ƙullin kilishi da yaji da daddawa in kai masa, har na rage kayana don nasa su samu shiga jaka. Ya karɓi saƙonsa, ya karɓi kuɗina wai zai saya mini layin waya, sannan ya kai ni mahaɗar da ke kusa da fadar Kremlin, inda tashoshi huɗu ke manne da juna, kowace da sunanta: Arbatskaya, Borovitskaya, Aleksandrovsky Sad da Biblioteka imeni Lenina. Aka kira shi a waya, ya ce in jira shi yana zuwa. Bai dawo ba. Ba ni da layi, ba ni da ko gaisuwa a Rashanci, ga takalmin da na zo da shi daga gida ya jiƙe da ƙanƙara. Lokacin tashi daga aiki ne, jirgi na zuwa kusan duk bayan minti ɗaya da rabi, ƙofa na buɗewa mutane su kwararo kamar an harba bindigar fara kamun kifi a Matan Fada ta Argungu. Na yi ta hawa ina sauka. Ashe ma tashoshi biyu ne masu suna Arbatskaya a layi daban-daban, shi ya sani bai faɗa mini ba. Dare ya yi nisa, na san ƙarfe ɗaya ake rufewa, na zauna a benci hawaye na zuba. Wata tsohuwa ce, cikin masu zama a ɗan akwatin gilashi suna lura da matakala mai tafiya, ta duba takardar makarantata ta zana mini hanya da biro. Washegari na gan shi yana cin kilishin da abokansa, ya ce wai haka aka yi masa shi ma. Ko haƙuri bai ba ni ba, kuɗin kuma har yau. Allah ya isa ban ce ba saboda tsohuwarsa, amma abin bai fita raina ba.

Abin da ya cece ni shi ne na daina neman gane tasha da sunanta, na koma gane ta da kamanninta. Tun da aka buɗe metro ɗin a 1935 da tasha 13, aka riƙa gina kowace da adonta daban, ba ka samun biyu iri ɗaya a tsakiyar gari. Ka samu ranar da ba ka da aji, ka zuba kuɗi a katin Troika da ake biyan kuɗin jirgi da shi, ka hau layi na 5, mai launin ruwan ƙasa. Zobe ne, tasha 12, ko barci ka yi inda ka taso zai maido ka. Ka riƙa sauka kana kallo kana sake hawa, muddin ba ka fita waje ba kuɗin shiga ɗaya ne. Komsomolskaya rufinta rawaya ne da manyan fitilu suna reto, da zane takwas na mayaƙansu da aka haɗa da ƙananan duwatsu masu launi. Novoslobodskaya ita ce ta fi kwanta mini a rai: gilasai 32 masu launi, aikin Pavel Korin, an sa musu fitila ta baya sai ka rantse rana ce ke shigowa, alhali babu taga ko ɗaya. Can nake zama in kewar gida ta taso.

Ka kasa kunne ga mai sanarwa kuma. In muryar namiji ce tsakiyar gari ka nufa, in ta mace ce fita kake yi. A kan zoben, namiji na nufin kana juyawa yadda hannun agogo ke yi. Da wancan bawan Allah ya gaya mini wannan kaɗai, da ban kwana da zazzaɓi ba.

In ƙafarka ta saba, je ka Mayakovskaya a koren layi ka ɗaga kai sama. Zane 34 ne a rufin, na Aleksandr Deyneka, jiragen sama da 'yan wasa da rassan itatuwa. A 1941 nan mutane ke kwana gudun bama-baman Jamus. A Ploshchad Revolyutsii akwai mutum-mutumi 76 na tagulla, cikinsu da soja da karensa, hancin karen ya koɗe yana walƙiya saboda masu shafawa, musamman ɗalibai in jarrabawa ta matso. Za su ce ka shafa don sa'a. Camfi ne, ka kalla ka wuce, ka riƙe addu'arka. Da na tuna da kare, a mashigar Mendeleyevskaya sun kafa wa wani karen titi mai suna Malchik mutum-mutumi a 2007, bayan an kashe shi a wurin. Abin ya daɗe yana ba ni mamaki, mutanen da ba sa yi maka murmushi a jirgi ne suke ajiye masa furanni.

Haruffansu 33 ne, ka zauna ka haddace su, wanda ya yi makarantar allo wannan ba zai gagare shi ba. Fasfonka da takardar rajistarka kada su rabu da aljihunka, 'yan sanda na tambaya a tashoshi. A matakala ka tsaya dama, hagu na masu sauri ne, kuma ka riƙe da kyau, ta Park Pobedy mita 126 ce, kai na juyawa. Ƙofofin shiga suna da nauyi, iska na turo su, ka tare da hannu.

Ran Juma'a ka sauka a Prospekt Mira, tana kan zoben nan, ka bi masu hula za su kai ka babban masallaci, a nan za ka haɗu da 'yan gida. Sai dai don Allah kada ka miƙa wa kowa kuɗinka don kawai ya ce shi ɗan Kebbi ne. In Hajiya ta kira kada ka yi mata kuka a waya, tura mata hoton gilasan Novoslobodskaya, hankalinta zai fi kwanciya. Ka yi mini magana ta akwatin saƙo ka faɗa mini tashar da ta fi kusa da masaukinku, in tsara maka hanyar farko.