Katanga ce ko ganuwa? Amsoshi kan wani ƙauyen Jamus da aka tsaga biyu

Wani ɗalibi Bakano da ke karatu a birnin Hof na ƙasar Jamus ya aiko da tambaya kamar haka: "Allah ya gafarta Malam, abokan karatu sun kai ni wani ƙauye a arewa da Hof, sunansa Mödlareuth. Mutanensa ba su wuce hamsin ba, amma an taɓa tsaga shi biyu da gini irin na Berlin. Na so in ba Hajiyarmu labari a waya sai bakina ya sarƙe. Ganuwa zan ce, ko katanga, ko bango? Sannan wuri mai mutum hamsin ƙauye ne ko tunga?"

Madalla da wannan tambaya, ɗana. Bari in fara shimfiɗa labarin wurin saboda masu karatun da ba su taɓa jin sunansa ba, tunda ba a zaɓar wa abu suna sai an san aikinsa.

Ƙauyen, wanda ake furta sunansa kusan "Modlaroit", yana cikin tuddan yankin Vogtland, inda jihar Bavariya ta haɗu da jihar Turingiya. Wata 'yar ƙorama mai suna Tannbach ce ta ratsa tsakiyarsa, kuma yaro ma zai iya tsallake ta. Ƙorama na ce, ban ce kogi ba, ban ce gulbi ba. Shi Bajamushe Bach yake ce wa irin wannan siririn ruwa. Tun ƙarnoni da suka wuce wannan ƙorama take iyaka tsakanin masarautu biyu. A 1810 aka kafa duwatsun iyaka a bakinta, gefe guda an sassaƙa KB, wato daular Bavariya, ɗaya gefen FR, wato masarautar Reuss. (Sarakunan Reuss ɗin nan duk ɗa namiji da suka haifa Heinrich suke raɗa masa, sai dai a bambanta su da lamba. Mu da muke da Muhammadu biyar a gida ɗaya ba mu da bakin yi musu dariya.) Amma iyakar ba ta dami kowa ba. Makaranta ɗaya ce, a gefen Turingiya. Gidan cin abinci da hira ɗaya ne, shi ma a can. Ranar Lahadi kuwa kowa da kowa sai ya nufi cocin garin Töpen a gefen Bavariya. Kamar gambar da manomi ke shukawa tsakaninsa da maƙwabcin gona: an san ta, ana tsallake ta a je aron fartanya.

Bayan yaƙin duniya na biyu, a 1945, Turingiya ta faɗa hannun Tarayyar Sobiyet, Bavariya ta faɗa hannun Amurka. A 1949 aka sami ƙasashen Jamus biyu, gefen Turingiya a Jamus ta Gabas, na Bavariya a Jamus ta Yamma, ƙoramar ta zama iyakar ƙasa da ƙasa. A 1952 gwamnatin Jamus ta Gabas ta kafa dogon shingen katako, ta kuma kwashe wasu mazauna bakin iyaka da ƙarfin tsiya. A 1966, shekara biyar bayan ta Berlin, aka zuba ginin kankare mai tsawon mita 700, tsayinsa ya haura mita 3. Sojojin Amurka suka laƙaba wa wurin "Ƙaramar Berlin". Har George Bush babba ya je ya gani da idonsa a 1983, lokacin yana mataimakin shugaban ƙasa.

To, yanzu ga maganar suna. Hausa ba ta da talaucin kalmomi a nan, domin mu mutanen gini ne da kewaye. Bango shi ne na ɗaki, wanda ke ɗauke da rufi, wanda ake jingina da shi. Katanga ita ce ke kewaye gida ko ta raba gida da gida, ba ta ɗauke da komai sai kanta. Garu katanga ce mai kauri ta ƙasa, shi ya sa muke da garuruwa irin su Garun Malam. Danga da darni na kara ne, shinge na ƙaya ne ko itace a gona ko garka. Kafi kuwa itatuwa ne da ake kafawa a kewaye ƙaramin gari don tsaro, kuma sunan ya zauna a Kafin Hausa da Kafin Madaki. Ganuwa ita ce babbarsu, tudun ƙasa da ke zagaye birni, kamar ta Kano da Tarihin Kano ya ce an soma ta zamanin Sarki Gijimasu, ko waɗanda ake dangantawa da Sarauniya Amina a ƙasar Zazzau.

Abin 1952 shinge ne, babu gardama. Na 1966 fa? Ni dai ba zan ce ganuwa ba, ko da ya kai ta tsayi. Ganuwa tana tattara mutanen gari ne wuri guda, fuskarta na kallon waje, tana da ƙofofi da sarakunan ƙofa, a buɗe da safe a rufe da dare. Kalmar tana ɗauke da yabo: idan aka ce wane ganuwar danginsa ne, ana nufin a bayansa suke fakewa. Ginin Mödlareuth ba don maharan waje aka yi shi ba, an yi shi ne don na ciki kada su fita, kuma babu ƙofar da mutanen gari za su bi a jikinsa. Kiran sa ganuwa ba shi rigar da ba tasa ba ne. Bango ma bai zauna daidai ba, ko da yake za ka ji wasu 'yan jarida suna cewa "bangon Berlin". Katanga ita ce ta dace, domin ita ce muke ginawa idan 'yan'uwa sun raba gado, a ja ta tsakar gida, ɗakin wannan nan, na wancan can. Ka ce wa Hajiya an ja katanga tsakiyar ƙauye, za ta gane nan take, har ta ce subhanallahi.

Tunda mun taɓo bango, akwai karin maganar da na san za ta zo maka: "Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga." Ba a cewa katanga a nan, domin maganar ta cikin gida ce, ana nufin baƙo ba ya shiga tsakanin dangi sai sun fara ɓata da kansu. Tana hawa kan Jamus sosai, don yaƙin da Hitler ya tayar shi ya tsaga bangon, Rasha da Amurka suka shigo. Sai dai a wannan ƙauye an ga ranar da tsagewar ta zama abin murna. Wata guda cif bayan buɗe katangar Berlin, ranar 9 ga Disamba 1989, aka fasa wata 'yar kafa a ta Mödlareuth don masu tafiya a ƙasa. Ranar 17 ga Yuni 1990 motar rusau ta ture mafi yawanta, aka bar wani yanki wanda yanzu yake cikin gidan tarihi.

Tambayarka ta biyu ba ta da tsawo. Tunga mazauni ne da manoma ko masunta suka kafa nesa da uwar gari, kalmar ta fi yawa a bakin Sakkwatawa da Kabawa, kuma tana ɗauke da ƙamshin sabunta. Abin sha'awa, wutsiyar sunan ƙauyen, wato reuth, ma'anarta wurin da aka sare daji aka zauna. Ita ce a sunan birnin Bayreuth, wanda jami'arsa ta yi suna wajen nazarin Afirka. Ke nan a asali tunga ce, sabon sara. Amma wurin da ya shekara ɗaruruwa ya wuce tunga komai ƙarancin mutanensa, ƙauye ne. Kada dai ka ce alƙarya don ka ji Larabci. A Larabci ma'anarta ƙauye, amma da kalmar ta shigo Hausa sai ta yi ƙiba, ta koma babban gari. Birni kuma asalinsa gari mai ganuwa, saboda haka katangar 1966 ba ta mai da Mödlareuth birni ba.

Wata malamar makaranta daga Jos ta daɗe da aiko da tata tambayar, ga shi yau ta sami abokiyar tafiya. Ta ce: "Malam, ɗalibaina suna musu, wasu sun ce coci ne Hausa, wasu sun ce majami'a. Wanne ne daidai?"

Malama, duka biyun Hausa ne, sai dai kowanne da hanyar da ya biyo. Coci daga Ingilishi muka aro shi, shi ne na bakin titi, kowa ya san shi. Majami'a kuwa ginin gida ce da tubalin aro: saiwar Larabci ce mai ma'anar tarawa, wadda ta ba mu jama'a da Jumma'a da jam'i da jam'iyya da jami'a, aka ɗora mata ma- na wuri, irin na makaranta da marina da mahauta. Wurin taruwa ke nan. A Littafi Mai Tsarki na Hausa, wanda aka fara buga shi cikakke a 1932, majami'a wurin ibadar Yahudawa ce, haikali shi ne babban ɗakin Urushalima, taron masu bi kuma ikilisiya. Wannan ta ƙarshe daga Girkanci take, kuma tana nufin mutanen, ba ginin ba. Kina ganin ta a sunan Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya. Malaman zaure su kuma kanisa suke cewa, daga Larabci.

Labarin ƙauyen can na Jamus zai taimaka wa ɗalibanki su riƙe bambancin. Mödlareuth ba shi da coci nasa, na Töpen suke zuwa, amma mutanensa ikilisiya ɗaya ne. Da aka rufe iyaka, cocin na nan inda yake, ko tubali ɗaya bai faɗi ba. Ikilisiyar ce aka yanke, don na gefen gabas ba su da sauran hanyar zuwa. Jamusanci ma yana da wannan rabo: Kirche ga coci, Gemeinde ga jama'ar, kuma da wannan kalma ta biyu suke kiran ƙaramar hukumar ƙauye, abin da ke nuna yadda coci da gari suka daɗe a cakuɗe a karkararsu. Cocin Töpen na mabiya Martin Luther ne, irin waɗanda muke da su a Numan da sauran ƙasar Adamawa, alhali ɗarikar Katolika ce ta fi yawan mabiya a Bavariya. Dalili shi ne sulhun Augsburg na 1555, wanda ya ce addinin da sarki ya bi shi talakawansa za su bi. Sarakunan yankin Hof sun bi Luther, kuma yankin bai shiga Bavariya ba sai 1810. Ki lura da kalmar ɗarika da na yi amfani da ita. Ta Ƙadiriyya da Tijjaniyya ce tun asali, daga Larabci, ma'anarta hanya, 'yan jarida suka faɗaɗa ta har ta ɗauki Katolika da Angilika. Ban ga laifin hakan ba.

Ta ƙarshe daga wani ɗan kasuwa ne a Maraɗi: "Malam, me ake nufi da zumunta a ƙafa take? Yanzu da waya ta zo, maganar ba ta tsufa ba?"

Alhaji, ma'anarta dangantaka ba ta rayuwa da jini kaɗai, sai an taka an je: suna, biki, dubiya, gaisuwar mutuwa. Zumu shi ne ɗan'uwa na kusa, daga nan zumunta da zumunci suka fito, shi ya sa za ka ji wasu na cewa "zumunci a ƙafa yake", duk ɗaya ne, jinsin kalmar ne kawai ya sauya. Ko ta tsufa? Kai da ke Maraɗi ka fi ni sani. Katsinawa ne suka kafa garinku bayan jihadi, har yau Sarkin Katsina ake ce wa sarkinku, Turawan Ingila da Faransa suka ja layi tsakaninku da Jibiya a farkon ƙarnin da ya wuce. Lokacin da Nijeriya ta rufe boda a 2019, da kuma bayan juyin mulkin 2023, waya na aiki, amma wa ya ɗauki gawa ta waya?

Mutanen Mödlareuth sun ɗanɗana abin da ya fi wannan ɗaci. Daga kan tudu mutum na iya hango rufin gidan ɗan'uwansa, amma na gefen gabas an hana su ko ɗaga hannu su gaida na yamma. Gefen nasu yana cikin yankin da aka killace, wanda ko ɗan Jamus ta Gabas ba ya shiga sai da takardar izini. A nan karin maganar da ta fi dacewa ita ce "ga ƙoshi ga kwanan yunwa", wato abu na gabanka amma ya fi ƙarfin hannunka. Shekara 37 suka yi a haka, daga shingen 1952 zuwa kafar da aka fasa a 1989.

Yau ƙafa ta dawo aiki, suna bukukuwansu tare, sai dai ƙoramar ba ta ajiye muƙaminta ba. Rabin ƙauyen na ƙarƙashin Töpen a Bavariya, rabi na ƙarƙashin garin Gefell a Turingiya, lambar gidan waya daban, lambar mota daban, lambar kiran tarho daban. Ɗalibinmu na Hof, in ka koma, ka kasa kunne ga gaisuwa: a gefen Bavariya za ka fi jin Grüß Gott, mai ambaton Allah a ciki, a ɗaya gefen kuma Guten Tag, wato barka da yini. Ka rubuto mini wadda aka amsa maka da ita a kan gadar.