Tambayi Likita: Jinin dasashi, "tsutsar" haƙori da aswaki

Wata mai juna biyu daga Rigasa: Likita, cikina wata biyar, duk sa'ad da na goge baki sai in tofar da jini. Shi ya sa na rage gogewa. Na yi daidai?

Hajiya, rage gogewar nan ita ke ƙara jinin. Akwai wani farin datti mai yauƙi da ke taruwa a gindin haƙori, daidai inda ya haɗu da dasashi. Idan ya kwana biyu ba a cire shi ba, ƙwayoyin cutar cikinsa su kumbura dasashi, ya yi ja, da an taɓa sai jini. Juna biyu kuwa kan ƙara wa dasashi saurin kumburi. Ki sayi burushi mai laushi, ki karkata bakinsa zuwa gindin haƙori, ki riƙa zagayawa a hankali, ba dirza kamar wankin tukunya ba. Minti 2, sau 2 a rana, kuma na dare kafin kwanciya shi ne ba a fashinsa. Yawanci cikin mako 2 jinin ke raguwa. In bai ragu ba, mai yiwuwa dattin ya riga ya daskare ya zama kamar dutse, burushi ba ya iya masa, sai wankin haƙori a asibiti. Mai ciki za ta iya yinsa, ki dai sanar da likitan watannin cikin.

Wani ɗan kasuwa daga Kawo: Turmina ya yi kogo, yana hana ni barci. An ce tsutsa ce, in ɗiga ruwan batir.

Malam, kada ka kuskura. Babu tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke cin sukarin da ya rage a baki, su fitar da ruwa mai tsami da ke narkar da ƙarfin haƙori kaɗan-kaɗan. Abin da ya fi ɓarna shi ne yawan maimaitawa: mai kurɓar shayi mai sukari ko lemon kwalba tun safe har la'asar a shago ya fi wanda ya sha sau ɗaya lokacin cin abinci haɗari. Ruwan batir da fetur ƙona dasashi da kumatu suke yi, haka ma ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙorin. Kafin ka isa asibiti, sha farasitamol yadda aka rubuta a kwalinsa, ka kuskure baki da ruwan ɗumi kofi ɗaya mai rabin ƙaramin cokali na gishiri. Ciwon da ke tashin mutum da dare alama ce ramin ya kai jijiya, ciko kaɗai ba lallai ya isa ba. Ko a wanke jijiyar a toshe, ko a cire haƙorin. Je sashen haƙori na babban asibiti, irin su asibitin Barau Dikko da ke Kaduna. Fuska ta kumbura, ga zazzaɓi, ko haɗiya ta yi wuya? Ranar za ka tafi, ko da dare ne.

Wani dattijo daga Tudun Wada: Aswaki bai wadatar ba?

Baba, aswaki na cire datti sosai in an tauna bakinsa ya yi laushi, ana kuma yanke tsohon bakin. Sai dai ba ya kai bayan turame da kyau. Ci gaba da shi da rana, safe da dare kuma a yi da man goge baki mai fuloraid, wato sinadarin da ke ƙara wa haƙori ƙarfi. Duba jikin kwalin, ka ga 1350 zuwa 1500 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid ɗin da ke ciki. Bayan gogewa a tofar kawai, kada a kuskure da ruwa, don maganin ya zauna. Gawayi da toka kuwa kankare haƙori suke yi. Burushi a sauya shi duk wata 3, ko da zarar gashinsa ya baje.

Wata uwa daga Kakuri: Ɗana mai shekara 2, man nawa zan saka masa?

Kwatankwacin ƙwayar shinkafa. Daga shekara 3 zuwa 6, ƙwayar wake. Ke za ki riƙa goge masa, kuma kada ya kwana da bulumboti mai zaƙi a baki.