Ƙafar da aka yanke tana masa zogi, aljanu ne?

Malam, Allah ya ba ƙanenka lafiya. Ka ce tun da aka yanke masa ƙafa ƙasa da gwiwa bayan haɗarin babur, yake kukan zogi a yatsun da babu su. Ba aljanu ba ne, jijiyoyi da ƙwaƙwalwa ne ba su saba ba tukuna, kuma likita na da maganinsa.

Ni dungulmin ya fi damuna. Ku riƙa naɗe shi da bandeji yadda aka koya muku. Kada ya wuni da gwiwa a lanƙwashe, in ta ƙage ƙafar roba ba za ta zauna ba. Ban da shafa maganin gargajiya a ɗinkin. In kuka ga ruwa, wari ko zazzaɓi, ku nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina a ranar. Ƙafar roba kuwa, ana yi a Asibitin Ƙashi na Dala, Kano.